Dromikaites: sarkin Getawan da ya kama babban sarki kuma ya sake shi, tausayi ne ko lissafi?

Wai me zai sa sarki ya kama abokin gabarsa a hannu, mutumin da ya taso da runduna takanas don ya cinye masa ƙasa, jama'arsa na ta ihu a kashe shi a kashe shi, amma shi ya ce a'a, ya sa a yi yanka a yi masa walima, ya ɗaura masa alamar sarauta a ka ya sallame shi ya koma gida? Wannan tambayar ce ke yawo a kan wani sarki mai suna Dromikaites, Turawa na rubuta shi Dromichaetes, sarkin wasu mutane da ake kira Getawa da suka zauna a bakin kogin Danub sama da shekara 2300 da suka wuce. Sarkin da ya kama kuwa Lisimakus ne, ɗaya daga cikin janarorin Iskandar, wato Alezanda mai girma, da suka gaji daularsa.

Abin da ya dawo da mutanen nan bakin duniya kuwa sata ce. Ranar 25 ga Janairun 2025 cikin dare ɓarayi suka fasa ƙofar gidan tarihi na Drents da ke garin Assen a Holan da nakiya, suka yi awon gaba da wani kwalkwali na zinare da mundaye uku su ma na zinare, kayan da Romaniya ta bayar aro don a baje kolinsu. Romaniya ta ɗau zafi sosai, har shugaban babban gidan tarihin ƙasar da ke Bukares ya rasa kujerarsa. To daga nan fa aka shiga ruɗu, wannan jarida ta ce kayan Dakiyawa ne, waccan ta ce na Getawa, wata ta ce Tirakiyawa, a soshiyal midiya har da masu cewa Gotawan da suka fasa birnin Rum ne. Wasu na ɗaukarsu mutanen daji matalauta, wasu kuma na maganarsu kamar wata gagarumar daula. Labarin Dromikaites shi ya fi nuna inda gaskiyar take, don haka shi za mu bi.

Kafin mu shiga, duk shekarar da na ambata nan gaba ta kafin haihuwar Annabi Isa ce, Alaihissalam, sai dai in na ce Miladiyya, kuma lissafinsu baya-baya yake tafiya, wato 335 ta riga 292 zuwa.

Su wa ake nufi da Getawa?

Reshe ne na Tirakiyawa, wata babbar al'umma mai ƙabilu barkatai da ta cika yankin da yau ake kira Bulgeriya da Romaniya da arewacin Girka da ɓangaren Turkiyya na Turai. Su Getawa mazauninsu ƙasan kogin Danub ne, gaɓa biyun duka, wato arewa maso gabashin Bulgeriya da kudu da gabashin Romaniya har zuwa Moldoba, inda kogin ke shiga Bahar Aswad. Manoma ne, makiyaya ne, kuma mahaya doki ne masu harbi da baka a kan sirdi.

Herodotus, Bagirken nan mai tarihi, ya ce su suka fi duk Tirakiyawa jarumta da adalci. Ya kuma kawo aƙidarsu cewa su ba sa mutuwa, wanda ya bar duniya wurin abin bautarsu Zalmoksis yake tafiya. Duk shekara 5 sai su jefa ƙuri'a su zaɓi ɗan aike, su gaya masa buƙatunsu, sannan su wurga shi sama ya faɗo kan māsu uku, in ya mutu saƙo ya isa, in bai mutu ba su ce ai mutumin banza ne su zaɓi wani. Ka riƙe wannan a ranka, don mutanen da ke ganin mutuwa haka ba tsoron zubar da jini ne zai hana su kashe fursuna ba.

Dakiyawa fa? Strabo, Bagirke marubucin labarin ƙasa, ya ce harshensu ɗaya da Getawa, bambancin wuri ne, Getawa na gabas wajen teku, Dakiyawa na yamma wajen duwatsun Karpat. Girkawa sun fi cewa Getawa don su suka fara haɗuwa da su a bakin teku, Rumawa da suka zo daga baya ta yamma suka fi cewa Dakiyawa. Ko kayan da aka sace ma ba zamaninsu ɗaya ba, kwalkwalin ya kai shekara 2400, mundayen kuwa na ƙarni na 1 ne, ɗaruruwan shekaru ne a tsakani. Gotawa kam wasu mutane ne daban, dangin Jamusawa, sai ƙarni na 3 Miladiyya suka bayyana a yankin, wani marubuci Jordanes ne a 551 Miladiyya ya haɗa tarihin biyun ya dama saboda sunayen sun yi kama, ruɗun ya bi mutane har yau.

Abu ɗaya mai muhimmanci, Getawa ba su bar mana tarihinsu a rubuce ba. Duk abin da ake faɗa a kansu daga alƙalamin Girkawa da Rumawa ya fito, sai kuma abin da masu tonon ƙasa suka fito da shi.

Zama a tsakiyar manya

Ƙasar Getawa hanya ce, kowa ta nan yake bi. A arewa da gabas akwai Sikitawa mahaya dokin fili, a kudu masarautar Odrisawa, su ma Tirakiyawa ne, da Makidoniya, a bakin teku kuma garuruwan 'yan kasuwar Girka, Istros da Tomis da Kallatis da Odessos, Tomis ita ce Konstantsa ta yau, Odessos kuma Barna ta Bulgeriya.

Wajen 513 Dariyus sarkin Farisa ya biyo ta nan zai je yaƙar Sikitawa. Sauran ƙabilun kan hanya suka miƙa wuya ba ko faɗa, Getawa suka ce sai an gwada, aka murƙushe su nan take aka tasa ƙeyarsu cikin rundunar. A 429 kuma sai ga su a ƙarƙashin Sitalkes sarkin Odrisawa lokacin da ya afka wa Makidoniya, Tukididis ya ce rundunar ta kai mutum 150,000 kuma yawancin mahayan Odrisawa ne da Getawa. Da Filibus na 2 na Makidoniya ya yi ƙarfi ya rusa Odrisawa wajen 340, wani sarkin Getawa mai suna Kotelas bai jira yaƙi ya same shi a gida ba, ya ɗauki 'yarsa Meda da kyaututtuka masu yawa ya kai wa Filibus, aka ɗaura aure aka zama surukai. Ka ga ke nan tun kafin Dromikaites gidan sarautar Getawa sun san auren siyasa.

Sai Iskandar ɗan Filibus, wanda Turawa ke kira Alezanda mai girma. A 335, kafin ya tafi Farisa, ya zo gyara bayansa. Getawa suka taru a gaɓar arewa, dawakai 4,000 da dakaru sama da 10,000 in ji Ariyan, suna ganin kogi ya tsare su. Iskandar ya sa aka cusa ciyawa cikin fatun tantuna, aka tattaro kwalekwalen masunta, cikin dare ɗaya ya haye da mahaya 1,500 da dakaru 4,000 ya sauka cikin gonakin hatsi da suka yi tsayi suka ɓoye su. Da gari ya waye Getawa suka ga abin da ba su zata ba, suka ja da baya zuwa garinsu, da suka ga ganuwar ba za ta riƙe ba suka ɗora mata da yara a kan dawakai suka nausa cikin fili. Iskandar ya kwashe ganima ya rushe garin ya komo a ranar, bai bi su ba. Nan ne wayonsa. Bayan 'yan shekaru gwamnansa na Tirakiya, Zopiriyon, ya shiga filin nan da mutum 30,000, bai dawo ba shi da rundunar, wani marubucin ya ce Getawa suka gama da su wani ya ce Sikitawa.

Filin da ake magana Strabo ya kira shi hamadar Getawa, shimfiɗaɗɗen wuri ne tsakanin Danub da kogin da yau ake kira Dinista, ba duwatsu ba ruwan kirki. Dabarar mutanen wurin ba ta canja ba, kar ka tsaya gaba da gaba da māsun Makidoniya, ja su ciki ka bar yunwa da ƙishirwa su yi maka aikin.

Shi Lisimakus me ya kai shi?

Lisimakus ɗaya ne daga cikin dogaran Iskandar na kusa. Da Iskandar ya mutu a Babila a 323 janarorinsa suka raba daula, rabonsa ya faɗa kan Tirakiya, kuma gaskiya ba rabon daɗi ba ne, don tun isarsa sai da ya gwabza da Seutes na 3 na Odrisawa. A 313 kuma garin Kallatis ya kori sojojinsa, Istros da Odessos suka bi sahu, suka ƙulla ƙawance da Tirakiyawa da Sikitawan kusa, Antigonus babban abokin hamayyarsa yana zuga su daga Asiya. Ya murƙushe boren da ƙyar. Darasin da ya ɗauka shi ne muddin akwai masu ƙarfi a bayan garuruwan bakin tekun nan da za su iya mara musu baya, harajinsu ba tabbas gare shi ba. Daga nan ya fara cin ƙasa da garuruwa masu ganuwa a wajen Danub, waɗanda Getawa ke cewa nasu ne.

Wajen 305 ya naɗa kansa sarki, a 301 aka kashe Antigonus a yaƙin Ipsos shi kuma ya samu yammacin Asiya Ƙarama, Turkiyya ta yau, da dukiyarta. Mutum ne mai tara kuɗi, a Pergamon kaɗai ya ajiye talanti 9,000, talanti kuwa babban ma'aunin kuɗi ne na zamanin, har fadawan Demetiriyus ɗan Antigonus ke masa ba'a suna kiransa ma'aji maimakon sarki.

Karon farko da Getawa ɗansa Agatokles ne ya faɗa hannunsu. Diyodorus, wani Bagirke marubucin tarihi, ya ce sun mayar da shi gida har da kyaututtuka, da fatan uban zai ji kunya ya mayar musu da ƙasar da ya ƙwace, kuma sun san manyan sarakunan lokacin sun haɗa kai, yaƙi da su ba riba. Lisimakus ya karɓi ɗansa ya riƙe ƙasar. Wajen 292, yana dattijo ya doshi saba'in, ya taso da kansa.

Poliyainus ya ce wani sarkin yaƙin Dromikaites mai suna Seutes ya zo wurin Lisimakus a matsayin wanda ya yi tawaye ya gudo, aka yarda da shi, shi ya zama ɗan jagora ya kai rundunar inda ba ruwa ba abinci. Poliyainus ya ce rundunar mutum 100,000 ce, amma shi wannan marubucin har cewa ya yi an kashe Lisimakus a wurin alhali mutumin ya ƙara sama da shekara goma a duniya, don haka adadin nasa a riƙe shi da hannu bibbiyu. Da abin ya yi tsanani abokan Lisimakus suka ce ya sulale ya tsira, ya ce ba zai bar rundunarsa ya sayi rai da abin kunya ba. Ƙarshe ƙishirwa ta sa ya miƙa wuya, Pulutak ya ce da ya sha ruwa sai ya koka cewa don ɗan daɗi na lokaci kaɗan ya mayar da kansa bawa bayan yana sarki. 

Muhawarar da aka yi a Helis

Dromikaites ya tarbe shi ya sumbace shi ya kira shi baba, ya tafi da shi garinsa Helis. Nan jama'a suka taru suka ce a fito musu da shi, su da suka sa ransu a yaƙin su ke da ikon yanke hukunci kan fursuna. Wannan kaɗai ya nuna maka irin sarautar, sarki ba ya cewa a yi a yi kawai, sai ya shawo kan mayaƙansa da baki.

Ɓangaren masu cewa a kashe suna da hujja fa, kar a raina su. An taɓa yi wa mutumin nan alheri an sakar masa ɗa, sakayyar da ya yi ita ce ya dawo da runduna. Wa ya ce in an sake shi ba zai dawo karo na uku ba? Ga shi a hannu, ga jinin 'yan'uwa da aka zubar.

Amsar Dromikaites kamar yadda Diyodorus ya kawo ta ba maganar tausayi a ciki ko kaɗan. Ya ce in kun kashe shi wasu sarakunan za su gaje ƙasarsa kuma wataƙila su fi shi zama abin tsoro, in kuwa kun bar shi da rai zai riƙe alherin, garuruwan nan masu ganuwa da aka ƙwace muku za su dawo ba tare da an zubar da jini ba. Kuma maganar ba hasashe ba ce. A 294 Demetiriyus ya hau gadon Makidoniya, mutumin da ya yi suna wajen fasa ganuwar birane, kuma Pulutak ya ce yana jin an kama Lisimakus ya ɗebo runduna ya nufi Tirakiya da gudu yana ganin ya samu ƙasa ba mai gadi. Abin da ya mayar da shi baya shi ne bore da ya tashi a Boyotiya ta ƙasar Girka da kuma labarin an saki Lisimakus. Ashe tun dattijon na tsare magajin da Dromikaites ke tsoro ya riga ya kamo hanya. Kamar wanda katangarsa ke jingine da ta maƙwabci ne, komai haushin maƙwabcin da kake ji in ka ture tasa taka ce za ta bi.

Ni a ganina nan ne duk maganar take. Getawa na iya halaka runduna a filinsu, amma ba su da ƙarfin tsallakawa kudu su riƙe Tirakiya da mashigin teku, to gawar Lisimakus ba abin da za ta saya musu sai sabon maƙwabci mai jini a jika. Rayayyen Lisimakus kuwa za a iya sa shi ya sa hannu. Pausaniyas ya ce sulhun da aka yi shi ne Lisimakus ya bar wa sarkin Getawa ƙasar da ke hayin Danub, ya kuma ba shi 'yarsa aure, ya ƙara da cewa yawanci dole ce ta sa. Fansa ce dai aka karɓa, sai dai ba a kira ta da sunanta ba, an naɗe ta cikin girmamawa yadda dattijon zai koma gida bai zubar da mutunci gaba ɗaya ba, don sarkin da aka wulaƙanta a bainar jama'a ko janarorinsa su tsige shi ko ya dawo ramuwa.

Walimar nan, ta faru kuwa?

Wannan ne ɓangaren da aka fi yayatawa. Wai Dromikaites ya shimfiɗa wa Lisimakus da mutanensa dardumun da aka kwaso daga sansaninsu, aka jera musu abinci iri-iri a kan teburin azurfa, ana zuba musu giya a kofunan zinare da azurfa, shi kuma da nasa mutanen suka zauna a kan ciyawa, ɗan ganye da nama a kan katako, kofunan ƙaho da na itace. Da sha ya yi nisa ya cika babban ƙaho ya ce baba, wace walima ce ta fi kama da ta sarakuna, ta Makidoniya ko ta Tirakiya? Lisimakus ya ce ta Makidoniya mana. Ya ce to me ya sa ka bar wannan daula ka zo wurin mutanen daji, ƙasar sanyi da ƙarancin amfanin gona, inda baƙuwar runduna ba ta iya rayuwa a fili? Daga nan ya karɓi garuruwansa, ya ɗaura masa farin ƙyallen da sarakunan Makidoniya ke ɗaurawa a ka, ya sallame shi.

Labarin ya yi daɗi, daɗin ma ya yi yawa. Diyodorus ya rubuta shi ne kusan shekara 250 bayan faruwar abin, kuma Girkawa na da wannan salon tun da, Herodotus ya kawo kusan irinsa sak bayan yaƙin Pilataya a 479, inda sarkin yaƙin Sparta ya sa aka dafa abincin Farisawa da na Spartawa aka jera gefe da gefe yana dariyar wautar mai wannan daula da ya zo ƙwatar talauci. Marubutan Girka na son baƙon da bai waye ba amma ya fi wayayye hankali, don da shi suke yi wa nasu sarakunan wa'azi.

Sannan ƙasa da aka tona ta ƙaryata talaucin. A 1982 Miladiyya aka buɗe wani kabari a Sbeshtari kusa da garin Isperih a Bulgeriya, ginin dutse sassaƙaƙƙe, a ɗakin ciki siffofin mata 10 sun ɗaga hannu kamar suna riƙe da rufin, rabi mutum rabi tsiro, a sama kuma zanen mahayi ana miƙa masa kambi, ba a ma gama zanen ba. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1985 Miladiyya, kuma an gina shi ne a farkon ƙarni na 3, daidai zamanin Dromikaites, har wasu masana na ganin nasa ne da matarsa. Kusa da shi a Sboryanobo ga kufan gari mai ganuwar dutse, maƙeru, kuɗaɗen Girka, da tulunan giya da aka shigo da su daga Tasos da Sinope. A 2012 Miladiyya aka ƙara fito da kayan zinare daga wani tudun kabari a wurin. A Romaniya ma akwai kwalkwalin azurfa na Agighiol da na Peretu. Poliyainus kansa ya ambaci wani Dromikaites na daban bayan shekaru, cikin manyan Tirakiyawa a rundunar Antiyokus na 2 sarkin Siriya, sun sha adon zinare da makaman azurfa.

To ko dai marubuta ne suka ƙaga walimar, ko kuwa an yi ta amma wasan kwaikwayo ne na gangan. Na biyun ba abin mamaki ba ne, wanda ya kama sarkin da ya fi kowa son kuɗi ai ba zai fito masa da kofunan zinarensa ba, so yake baƙon ya tafi da yaƙinin cewa babu abin da za a samu a nan da ya kai wahalar zuwa.

Talaka fa, me ya samu?

Ga manomin Geta abin da sulhun ke nufi a fili yake, rundunar da ke tattake hatsi ta daina zuwa. Dabarar ja da baya cikin fili tana cin yaƙi amma talaka ke biyan kuɗinta, shi ke barin gonarsa da rumbunsa da gidansa a ƙone. Mashigan kogi da garuruwan da suka dawo kuma su ne hanyar kasuwa, hatsi da dabbobi da zuma da kakin zuma su fita, giya da man zaitun da kayan ado su shigo. Sai dai cikin kayan da ke fita har da mutane. Strabo ya ce a Atina sunan Geta da Daos sun zama sunayen bayi na yau da kullum saboda yawan waɗanda ake kawowa daga can, kuma ba Girkawa ke shiga ƙauyuka su kamo su duka ba, manyan ƙasar na da hannu, wataƙila ma wani ɓangare na zinaren kaburburan nan daga nan ya fito.

Mutanen garuruwan bakin teku su ma ba hutawa suka yi ba, ubangida kawai suke canjawa. Lokacin da Lisimakus ya yi wa Kallatis ƙawanya yunwa ta kori mutum 1,000 suka tsallaka teku wurin Yumelus sarkin Bosporus. Da ƙarfin Makidoniya ya ja baya kuma sai sarakunan Getawa suka zama masu karɓa, akwai wani rubutu a dutse daga Istros na ƙarni na 3 da ke yaba wa jakadu uku da suka je wurin wani sarki Zalmodegikos suka karɓo mutanen garin sama da 60 da yake riƙe da su garkuwa, suka kuma shawo kansa ya sakar wa garin kuɗin shigarsa.

Lissafin ya ci ko bai ci ba?

A iya rayuwar Lisimakus ya ci, bai sake juyowa arewa ba. Ya haɗa kai da Pirus na Epirus suka kori Demetiriyus daga Makidoniya wajen 288, daga baya ya kori Pirus ɗin ma ya haɗe ƙasar. Sai gidansa ya ci shi, ya sa aka kashe Agatokles, ɗan nan da Getawa suka saki da kyaututtuka, bisa zugar Arsinowe matar shi Lisimakus, manyansa suka watse suka koma wurin Selukus, shi ma tsohon janar ɗin Iskandar ne da ke mulkin Siriya, a 281 aka kashe Lisimakus a yaƙin Korupediyon.

Abin da ya biyo baya shi ya gaskata tsoron Dromikaites, duk da ba daga inda ya zata masifar ta ɓullo ba. Da masarautar Lisimakus ta rushe ba mai tsaron ƙofa, a 279 Keltawa suka kwararo daga yamma suka kashe sarkin Makidoniya suka kai har Delfi, Justin ya ce wani ɓangarensu ya fatattaki rundunar Getawa da Tiribalawa, daga baya suka kafa masarautarsu ta Tilis a cikin Tirakiya. Garin Sboryanobo shi kuma girgizar ƙasa ta rusa shi wajen tsakiyar ƙarnin.

Sai bayan shekara 200 Getawa suka sake yin sarkin da duniya ta ji, Burebista, shi kuma hanyarsa daban, ya haɗe ƙabilu da ƙarfi, ya ci garuruwan bakin teku tun daga Olbiya, Strabo ya ce yana iya tara mayaƙa 200,000. A 48 ya aika jakada wurin Pompi, abokin hamayyar Yuliyus Kaisar, lokacin yaƙin basasar Rum, Pompi ya faɗi, Kaisar ya fara shirin zuwa kansa, a 44 aka kashe Kaisar shi ma Burebista nasa suka kashe shi a wajen lokacin, ƙasar ta tsage gida huɗu.

Na Romaniya ne ko na Bulgeriya?

Rigimar da ta rage a yau ta gado ce. Tsofaffin masana tarihin Romaniya sun daɗe suna sa Helis a arewacin Danub, cikin filin Walakiya, hujjarsu maganar Pausaniyas ta ƙasar hayin kogi da ta Strabo ta hamadar Getawa, kuma a makarantunsu Dromikaites na cikin jerin kakannin ƙasa. Masanan Bulgeriya kuma na nuna Sboryanobo suna cewa ga ganuwa ga kabarin sarki ga shekarun sun yi daidai, ku nuna mana irinsa a wajenku. Ba a samu dutsen da aka rubuta Helis a kansa ba a ko'ina, amma in hujjar tono ake bi ta Bulgeriya ta fi nauyi, kuma ba abin da ya hana a kama Lisimakus a arewa a kawo shi babban birni a kudu, tunda su Getawa kogin bai taɓa zama musu iyaka ba.

Siyasa ce ta ƙara wa abin zafi. Gwamnatin Nikolai Chaushesku ta rungumi tarihin Dakiyawa don ta nuna Romaniya tsohuwar ƙasa ce mai cin gashin kanta tun kafin Rum da Rasha, har a 1980 Miladiyya aka yi gagarumin bikin cika shekara 2050 da kafa ƙasar Burebista, alhali ba wani tsohon marubuci da ya ba da takamaimiyar shekarar da za a fara ƙirga hakan. Wannan hoton na dunƙulalliyar daula shi ake mayarwa baya a lulluɓa wa Dromikaites, shi kuwa abin da majiyoyin suka nuna sarki ne na haɗakar ƙabilu, mai garuruwa da dawakai da zinare, wanda sai ya tsaya gaban mayaƙansa ya yi musu bayani kafin su bar masa fursunansa.